Kwamfuta da Jadawalin Wutar Iska

Wutar lantarki, saɓanin hatsi, ba ta da rumbu mai yalwa, saboda haka wajibi ne abin da tashoshi ke samarwa ya dace da buƙatar al'umma a kowace daƙiƙa, in kuwa mizani ya karkata, sai duhu ya lulluɓe birane. Wutar iska kuwa tana da wuyar kintatawa, amma a shekarar 2019 kamfanin DeepMind ya bayyana wata hikima da ta ƙayatar da ni ƙwarai: ya horar da kwamfuta da bayanan yanayi da tarihin injinan iska masu jimillar ƙarfin megawat 700 a tsakiyar Amurka, har ta iya kintatar wutarsu sa'o'i 36 kafin lokaci, aka riƙa ƙulla alkawarin sayarwa tun ana gobe, darajar wutar kuma ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari.