Sauyin Yanayi: Tsakanin Masu Kururuwa da Masu Ƙaryatawa

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Da farko muna miƙa godiya ga kwamitin shirya wannan taro, wanda ya ɗora mana nauyin yin magana a kan batun da ya raba kawunanmu a taron bara. Waɗanda suka halarta ba za su manta ba, wani matashinmu da ya kammala jami'a ya miƙe ya ce babu amfanin ƙungiya ta zuba kuɗi a harkar noma, domin nan da 'yan shekaru hamada za ta binne gonakin nan kakaf. Nan take ɗaya daga cikin iyayenmu ya mayar masa da cewa tun yana yaro yake jin wannan labari, ga shi har ya yi jikoki yana noma gonar da ya gada, don haka zancen sauyin yanayi tatsuniyar Turawa ce kawai. Aka watse ba tare da an cim ma matsaya ba, kuɗin da aka ware domin aikin fadama kuwa suna nan ajiye har yau.

Mun yi bincike gwargwadon hali, kuma abin da muka gano shi ne kowane ɗayansu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Dattijonmu yana da hujjar yin shakka, domin an sha yin kururuwa a kan ƙasar nan daga baya ta zama ba haka ba. Matashinmu kuma yana da hujjar damuwa, domin akwai abin da aka auna aka tabbatar. Za mu ɗauki al'amarin daki-daki.

Hamadar da aka ce tana tafiya

A shekarar 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila mai suna E. P. Stebbing, bayan ya zagaya waɗannan ƙasashe namu, ya wallafa cewa Sahara tana gurgusowa kudu, kuma tana barazana ga arewacin Nijeriya. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin bai sami wata hamada mai tafiya ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa nan da can, inda aka yawaita sara da kiwo.

Bayan farin 1973 maganar ta sake tasowa. A 1975 Hugh Lamprey ya ba da rahoton cewa a Sudan hamada ta ci kusan kilomita 100 cikin shekara 17, wato fiye da kilomita 5 kowace shekara. Wannan adadi ya zagaya duniya, ya shiga littattafan makaranta da jawaban shugabanni. Amma da masana daga Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka koma yankin da hotunan tauraron ɗan'adam, ba su iske shaidar wannan tafiya ba. A 1991 kuma masana na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka suka nuna cewa bakin Sahara ya yi kudu daga 1980 zuwa 1984 sa'ad da ruwa ya yi ƙaranci, sannan ya koma arewa da damina ta gyaru. Wato bakin hamada yana bin ruwan sama ne, yana kai da komowa.

A nan gida ma, Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana bibiyar rayuwar manoman ƙauyen Dagaceri da ke Jigawa ta yau, da kuma ƙauyukan kewayen Kano. Ya tarar cewa inda jama'a suka yi yawa kuma kowa ya san gonarsa, itatuwa ba su ƙare ba, domin manomi ba ya sare ɗorawar da yake ci ko gawon da ke taki gonarsa.

Tafkin Chadi

Misali na biyu shi ne Tafkin Chadi, wanda kusan kowane jawabi kan sauyin yanayi sai an ce ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Gaskiya ne a 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma a tsakiyar shekarun 1980 ruwan da ake gani a fili bai kai 2,000 ba. To amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, an ɗauki shekarun da tafkin ya yi cikar da ba kasafai yakan yi ba, aka gwada su da shekarun da ya fi ƙafewa. A farkon ƙarni na 20 ma tafkin ya taɓa janyewa ƙwarai, sannan ya dawo. Tafki ne marar zurfi, kuma mafi yawan ruwansa yana zuwa ne ta kogunan Shari da Logon daga can kudu, don haka damina biyu ko uku sun isa su sauya kamanninsa. Wani bincike da aka wallafa a 2020, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na kusan shekara 20, ya nuna cewa tafkin bai ci gaba da raguwa ba a tsawon wannan lokaci, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ne a ƙarƙashin ciyayi. Mutanen tafkin suna cikin wahala, babu musu, amma rashin tsaro da rufewar kasuwanni da hanyoyi suna da babban rabo a wahalar.

Fadamarmu

Yanzu bari mu dawo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyayenmu sun san lokacin da kogin Haɗeja kan tumbatsa a ƙarshen damina ya malale fadamu, a yi shinkafa, a kama kifi, in ruwa ya janye a shuka wake da sauran kayan rani a kan laima, makiyaya kuma su sami ciyawa har bazara. Yau in baƙo ya zo ya ga yadda fadamar ta koma, kalma ɗaya yake furtawa: sauyin yanayi.

Amma mu mun san tarihin. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Waɗannan madatsu suna da amfani, su ke shayar da birnin Kano, su ke raya noman rani na Kadawa da kewaye. Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika da damina ya bushe da rani. Bayan an gina su sai cikar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani. Wannan yanayi shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta. Tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka cushe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu ƙauyuka suka rasa ruwa, wasu kuma ruwa ya kwanta a gonakinsu shekara da shekaru, ga tsuntsayen janbaki sun sami maɓoya a cikin kacala suna cinye gero da shinkafa.

A nan ne haɗarin kururuwa yake. In aka ce sauyin yanayi ne ya jawo komai, to babu wanda za a tambaya, babu kuma abin da ya rage sai a naɗe hannu a jira taimako daga ƙasashen waje. Ga duk wanda aka ba amanar yashe kogi ko gyara magudana bai yi ba, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kacala kuwa ana iya yanke ta, kogi ana iya yashe shi, lokacin sakin ruwa daga madatsa ana iya zama a tsara shi da manoman da ke ƙasa. Haka nan matashin da aka cika wa kunne da cewa ƙasarsa ta mutu, ba zai tsaya ya gyara ta ba, tashar mota zai nufa.

Abin da ba ya karɓar musu

Duk da haka, ya ku iyayenmu, za mu zama mun ci amanarku in muka tsaya a nan. Kuskuren da aka yi a kan hamada da tafki bai rushe abin da aka auna da ma'auni ba. Iskar kabon da ke fita daga ƙona gawayin kwal da man fetur da gas ta ƙaru a sararin sama daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau. Wannan iska tana riƙe zafi. Shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda zafin duniya ya haura na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri 1.5. A watan Afrilun shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ƙasar da yanayinta bai yi nisa da namu ba. Mu ma mun san yadda bazara ta koma, mun san yadda tsofaffi da jarirai suke kwana.

Abin lura kuma shi ne, a yankinmu sauyin ya fi bayyana ta wajen ruwa mai ƙarfi da ke sauka a lokaci guda. Ambaliyar 2022 ta halaka mutane fiye da 600 a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Masanan da suka nazarci daminar sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan ƙarfi, amma sun kuma ambaci gine-gine a kan hanyar ruwa da raunin magudanai. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga: ruwan daga sama ya zo, tsagar kuwa a ƙasa take.

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, tun motoci ba su cika duniya ba, kuma wannan hujja ce ga dattijonmu. Amma bincike ya nuna cewa ko farin shekarun 1970 da 1980 akwai hannun ɗan'adam a ciki, domin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atilantika, abin da ya ja damina ta yi kudu. Nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, don haka muna da haƙƙin neman adalci. Sai dai neman adalci ba zai yashe mana kogi ba.

Shawarwari

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna mana hanya. Daga 1983, da ƙarfafawar wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato in an zo sharar gona a bar tohon kututturen gawo da kalgo da sabara da magarya, a rage rassa a bar mafi ƙarfi ya girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, a ƙasar da aka riga aka yanke wa ƙauna. Ba su jira an gama gardama ba.

Bisa wannan muke ba ƙungiya shawarwari kamar haka. Na ɗaya, a fito da kuɗin da aka ajiye a fara aikin gayya na yanke kacala da buɗe hanyoyin ruwa kafin damina, tare da ƙauyukan da muke sha kogi ɗaya da su. Na biyu, a tura manoma goma, maza da mata, su je su ga sassabin zamani da idonsu, domin gani ya kori ji. Na uku, a kafa ma'aunin ruwan sama da na zafi a makarantar sakandarenmu, ɗalibai su riƙa rubutawa kullum, ta yadda nan da shekara 10 za mu yi magana da lissafinmu na kanmu. Na huɗu, muna roƙon mai girma Hakimi da dagatai da su hana yanka filaye a kan hanyar ruwa, ko wane ne ya zo nema. Na biyar, a kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa karɓo hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya fassara shi da Hausa, ya kuma riƙa tuntuɓar masu kula da madatsun ruwa kan lokacin da za su saki ruwa.

Daga ƙarshe, muna roƙon dattijonmu da matashinmu su shiga kwamitin aikin fadama tare. Ɗaya ya san inda kogin yake bi shekara 50 da suka wuce, ɗayan kuma ya iya karanta taswira da rubuta takarda zuwa ga hukuma, aikin kuwa yana buƙatar su duka biyun.

  Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.