Ƙugun Direba a Hanyar Legas

Direban tirela da ya taso daga Kano zuwa Legas yakan ci kusan kilomita 1,000 a zaune. Zafin nan da ke tasowa daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu ya gangara har tafin ƙafa kamar jan lantarki, jijiyar da ta fi kowace tsawo a jiki ce ta matsu.

Maigida direba, cire walat daga aljihun baya. Naɗe tawul ka tokare ƙugunka. In ka isa Tafa ko Mokwa, sauko ka ɗan taka, ba shayi kaɗai ba. Tramol kuwa ɓoye ciwon yake yi, ga jaraba.

In ƙafa ta mutu, ko fitsari ya kuɓuce maka, bar wa yaron mota makulli, sai asibiti a ranar.