Rake Jarin Mai Haƙuri Ne

Yau hirarmu a kan noman rake take, musamman ga matan Farin Dutse da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, inda wasu ke son zuba kuɗin adashinsu a fadama.

'Yar uwa, ki fara sanin cewa rake ba alayyafo ba ne. Daga ranar da aka dasa gaɓoɓinsa zuwa ranar sara, sai an yi wata 10 zuwa 12. A tsawon wannan lokaci ga ban ruwa, ga taki, ga kuɗin 'yan ƙwadago, ga yaƙi da gara mai cinye iri tun yana ƙasa. Saboda haka kada ki sa kuɗin cefane ko na makarantar yara. Wadda ta yi haka, matsi zai sa ta sayar wa dillali rakenta yana tsaye a gona tun bai nuna ba, ya saya a wulaƙance.

Na biyu, wane rake za a dasa, kuma wa zai saya? Raken sha mai taushi, wanda ake ferewa a tasha, daban yake da raken da kamfanoni ke tatsar sukari. Kamfanoni irin na Numan a Adamawa da na Sunti a Jihar Neja, wanda aka buɗe a 2018, sun yi mana nisa. Kasuwarki ita ce ta masu sha. Ki daidaita da mai saye kafin a sa adda, domin da zarar an sare rake zaƙinsa da nauyinsa sai raguwa.

In farashi ya faɗi fa? Ki yi koyi da mutanen Maƙarfi a Jihar Kaduna. Su kan tatse ruwan, su dafa har ya yi kauri, ya zama mazarƙwaila. Ita tana ajiyuwa, kuma sana'a ce da mace za ta riƙe daga cikin gidanta.

Bayan sara kuma, kututturen zai sake tohowa, gyauron ya ba ki wani amfanin ba tare da sayen iri ba.

Ki zauna da maigida ko wanda zai kula miki da gonar, ku yi lissafi a rubuce tun kafin a yi kunya. Allah Ya sa albarka a nemanmu. Sai mun sake haɗuwa.