Tambarin QR Ya San Asusu, Bai San Mutum Ba

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, direbobi, ƴan uwa maza da mata, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wannan rana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar nan, Allah ya jiƙansu da rahama.

Ofishin ƙungiya ya roƙi a ba shi ƴan mintoci a kan magana guda ɗaya: ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu, baƙi da fari kamar saƙar tabarma, wanda ake kira QR. Yau muna ganinsa a kan teburin dila, a jikin takardun tafiya, har a cikin wayar kowannenmu. Wasunmu suna haska masa waya ba su san abin da suke yi ba, wasu kuma sun ƙi shi ƙememe. Ko ta wane ɓangare akwai asara, shi ya sa muka ga ya kamata mu san shi.

Abin ba sabo ba ne. A 1994 aka ƙirƙiro shi a Japan, a kamfanin Denso mai ƙera kayan gyaran mota, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Masahiro Hara. Matsalarsu irin tamu ce, wato ƙidayar kaya. Layukan nan na tsaye da muke gani a bayan kwalin madara ko sabulu yawanci lambobi 13 kawai suke ɗauka. Shi kuwa QR ana karanta shi a tsaye da kwance, don haka babbansa yana iya ɗaukar lambobi har 7,089. Ƙananan akwatuna ukun da ke kusurwoyinsa su ne ke nuna wa waya inda sama take, shi ya sa ko a karkace ka riƙe waya za ta karanta. In an buga shi da ƙarfi, ko kusan kashi 30 cikin 100 nasa ya goge zai yi aiki. Kamfanin bai hana kowa amfani da shi ba, kowa yana iya buga nasa kyauta. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

To mene ne a cikinsa? Rubutu ne kawai, wanda ido ba ya karantawa sai waya. Yana iya zama lambar asusu, ko lambar waya, ko adireshin wani shafi a intanet. Babu kuɗi a cikinsa. Ɗan aike ne, abin da aka ba shi shi yake kaiwa.

Amfaninsa na farko a wurinmu shi ne biyan kuɗi. Duk wanda ya riƙe naira a farkon 2023, lokacin canjin takardun kuɗi, ya san abin da rashin tsabar kuɗi ya yi wa ciniki daga Kano har Maraɗi. Tun lokacin da yawanmu suka koma tura kuɗi ta waya, sai kuma wata matsala ta fito: lambar asusun bankin Najeriya guda 10 ce, ana karanta maka ita cikin hayaniyar kasuwa, kana dannawa da hannu ɗaya. Tambarin yana kawar da wannan kuskure, domin waya ce ke ɗaukar lambar da kanta. Gana ta buɗe nata tsarin mai suna GhQR a 2020, Najeriya ta buɗe NQR a 2021. Ƴan uwanmu masu zuwa sari Gwanzu kuwa sun gaya mana can ko shayi za ka saya, Alipay ko WeChat ake nuna maka.

Iri biyu ne. Akwai na dindindin, wanda mai shago yake bugawa ya manna a bango, kai ne za ka rubuta adadin kuɗin. Akwai kuma wanda na'ura ko waya ke fitarwa don ciniki ɗaya tak, da adadin kuɗin a cikinsa. In kuɗin masu yawa ne, na biyun ya fi kwanciyar hankali.

Amfani na biyu, takardu. Katin allurar shawara na Najeriya da aka sabunta a 2019 yana ɗauke da tambarin da jami'i zai haska ya ga ko na gaskiya ne, haka ma sabuwar takardar NIN. Ma'anar wannan gare mu a fili take: takardar da wani ya yi maka a bayan tasha da araha tana iya kama da ta gaskiya a ido, amma ran da aka haska ta ba a ga sunanka ba, kai da kayanka za ku kwana a iyaka.

Amfani na uku, zumuncin kasuwa. WhatsApp yana ba kowa tambarinsa. In ka haɗu da dila a Kwatano ko Lome, ba ka jin yarensa ba ya jin naka, ka haska nasa lambarsa ta shiga wayarka daidai, har da lambar ƙasa. Mai shago kuma yana iya buga shi a kan rasit ko leda, mai saye ya same shi gobe ba wahala.

Yanzu ga inda ƙarfinsa ya tsaya, kuma mu wannan ya fi shafa. Tambarin biyan kuɗi ba ya tsallake iyaka yadda muke tsallakewa. Na naira naira yake karɓa, na sidi sidi yake karɓa. Wanda ke da asusun sefa kaɗai ba zai tashi daga Ɗan Isa ya isa Jibiya ya haska tambarin naira kuɗi su tafi ba. Sefar ma biyu ce: tamu ta ƙasashe takwas na yamma, da ta su Cadi da Kamaru, kowace da babban bankinta. Ɗan canji yana nan a matsayinsa. Saboda haka duk wanda ya turo maka tambari ya ce shi kaɗai zai juya maka sefa ta koma naira a farashin da ya fi na kasuwa, ka tambayi kanka me ya sa yake son ka haka.

Mun ce kowa yana iya buga shi kyauta. Ɓarawo ma yana cikin kowa. Hanyoyinsu da aka sani ga su. Ɗaya, su zo su manna nasu a kan na mai shago, mai saye ya biya da zuciya ɗaya, kuɗi su tafi wani asusu, rigima ta tashi tsakanin mutum biyu da babu mai laifi a cikinsu. Biyu, su ce za su turo maka kuɗi, amma sai ka haska wannan ka sa lambar sirrinka. Alhaji, Hajiya, ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi, sai don fitar da su. Uku, tambarin ya kai ka shafin da ya yi kama da na banki, a nemi lambobin katinka. Huɗu, wani ya karɓi wayarka da sunan taimako, ya haska tambarin da ke kwamfutarsa, daga nan duk hirarka ta WhatsApp yana gani, har ya rubuta wa abokan cinikinka da sunanka ya ba su sabon asusu.

Maganin yawancin waɗannan abu ɗaya ne, kuma ba ya cin minti guda: bayan ka haska, kafin ka sa lambar sirri, waya tana nuna sunan mai asusun. Karanta shi. A nan akwai abin lura na musamman gare mu ƴan ƙetare. Mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a takardarsa ta Nijar, Muhammadu a ta Najeriya. Wani lokaci kuma asusun na yaron shago ne ba na maigida ba. Don haka tambayi mai kaya tun farko: wane suna zan gani? In abin da ya faɗa bai zo daidai da abin da waya ta nuna ba, a tsaya. Iyayenmu da idonsu ba ya ganin ƙananan rubutu, ba abin kunya ba ne ku sa ɗanku ya karanta muku da ƙarfi, amma lambar sirri ku danna da hannunku.

Ga abin da ofis yake roƙo a wurin kowa. Mai shago ya duba tambarinsa kowace safiya, ya shafa ya ji ko an ɗora wani a kai, ya kuma rubuta sunan asusun da manyan baƙaƙe a ƙarƙashinsa. Sabon abokin ciniki a fara gwada shi da ƙaramin kuɗi, a kira a tabbatar sun shiga, sannan a tura sauran. Mai sayarwa kada ya saki kaya don an nuna masa hoton shaidar biya a waya, sai ya ga kuɗin a cikin asusunsa. Kowa ya riƙa leƙa WhatsApp ɗinsa, wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa, ya cire wadda bai sani ba. In kuma abin ya faru, a sanar da banki nan take, sannan a zo ofis da rasit domin mu gargaɗi sauran ƴan uwa. Wanda ya yi shiru don kunya ya bar wa ɓarawon hanya zuwa shagon maƙwabcinsa.

Iyayenmu sun kai goro da fata da shanu ƙasashe masu nisa ba su da banki, jarinsu amana da sanin wanda suke ciniki da shi. Tambarin nan ya rage mana ɗaukar kuɗi a hanya, kuma a halin da hanyoyinmu suke ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma sanin mutum har gobe aikinmu ne, waya ba za ta yi mana ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare hanya, ya buɗe iyakoki, ya maimaita mana.