Mutuwar ɓarin jiki da ciwon zuciya: kada a jira gari ya waye



Maganarmu ta yau a kan mutuwar ɓarin jiki ce, da haɗarin da zuciya take shiga in ciwo ya yi tsanani. Ranar 29 ga watan Oktoba ta kowace shekara, duniya tana tunawa da wannan ciwo. Kowace shekara yana kama mutum wajen miliyan 12. Cikin mutum 4 da suka wuce shekara 25, ana lissafin zai kama 1 a rayuwarsa. Ba ciwon ƴan birni kaɗai ba ne. Yana nan cikin karkara.

Mine ne wannan ciwo?

Ku duba garkar albasa. Akwai injin ban ruwa, akwai tiyo, akwai fangali. Zuciya ita ce injin. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Ƙwaƙwalwa ita ce fangali. In tiyo ya toshe, shuka ta bushe. In tiyo ya fashe, ruwa ya ɓata wuri. Haka yake cikin kan mutum. Wani lokaci gudan jini ne yake toshe jijiya, kuma wannan shi ya fi yawa. Wani lokaci jijiya ce take fashewa, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Albasa tana jure ƙishirwar yini guda. Ƙwaƙwalwa ba ta jurewa. Cikin ƴan mintoci wurin da jini bai kai ba yake fara mutuwa.

Da yawa cikinmu sukan ce iska ce ta buge shi, ko sammu aka yi masa. Sai a tsaya hayaƙi da shafe-shafe har kwana biyu. A yi addu'a, amma a yi ta bisa hanyar zuwa likita. Babban mai kawo wannan ciwo shi ne hawan jini, wanda muke kira tansiyo.

Alamu uku

1. Baki ya karkace gefe guda. Ku ce masa ya yi murmushi, za ku gani.
2. Hannu ko ƙafa ta gefe guda ta mutu. Ku ce ya ɗaga hannuwa biyu, ɗaya zai faɗi.
3. Magana ta sarƙe, ko ba ya gane abin da ake gaya masa.

Alamun nan farat ɗaya suke zuwa. Wani kuma gani ne yake ɗaukewa, ko kai ya sara masa irin wanda bai taɓa ji ba. Ko da alamar ta wuce bayan minti 10, a tafi likita a wannan rana. Gargaɗi ne, babban yana iya biyowa baya.

Abin da za a yi nan take

A duba agogo ko salula. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ƙarfe nawa abin ya fara. Lokotoro zai tambaya. Akwai allurar da take narkar da gudan jini, amma a ƙa'ida cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma a manyan asibitoci masu kayan aiki kaɗai. Ko inda babu ita, wanda ya zo da wuri ya fi samun sauƙi.

A kwantar da shi bisa gefe, a sassauta masa tufafi. Kada a ba shi ruwa, ko fura, ko rubutu, ko jiƙo. Sau da yawa maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai. Abin da aka ɗura masa sai ya bi hanyar huhu, ya kawo ciwon huhu mai kisa. Kada a ba shi asfirin ko ƙwayar tansiyo ta maƙwabci. In jijiya ce ta fashe, asfirin zai ƙara zubar jini. Hoton kai da ake kira sikanar shi ne yake bambanta toshewa da fashewa.

A nemi mota, in babu a ɗaura amalanke, a kai shi gidan likita mafi kusa. In sun ce a wuce babban asibiti na Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, a wuce. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Zuciya ma tana cikin haɗari

Wanda ciwonsa ya yi tsanani akan sa shi ɗaki na musamman, a liƙa masa wayoyi bisa ƙirji. Dangi sukan ce: ciwo a kai yake, mi ya kawo ƙirji? Ga dalili. Ƙwaƙwalwa tana da hannu cikin tafiyar zuciya. In ta ji rauni, bugun zuciya yana iya rikicewa, musamman cikin kwanakin farko. Zuciya tana iya gajiya, ruwa ya taru cikin huhu, numfashi ya yi wuya. Wasu ba ciwon kan ne yake kashe su ba, zuciya ce.

Abin yana zuwa ta ɗaya gefen kuma. Mutum yana kwance da wani ciwo dabam, kamar ƙwayar cuta da ta shiga jini, ko zubar jini mai yawa. Zuciyarsa ta wahala, ta riƙa bugawa ba tsari. Jini ya daskare cikinta, gudan ya tashi ya toshe jijiyar kai. Irin wannan bugu marar tsari yana ninka haɗarin mutuwar ɓarin jiki wajen sau 5. Saboda haka mai jinya ya sa ido. In baki ya karkace, ko hannu ya daina motsi, ya kira ma'aikacin likita ko da tsakar dare ne.

Doguwar kwanciya ma tana da nata haɗari. Jini yana daskarewa cikin ƙafar da ba ta motsi. Ƙafa guda ta kumbura, ta yi zafi. Kada a murza ta, a gaya wa lokotoro, don gudan yana iya tashi zuwa huhu. A riƙa juya marar lafiya kowace awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo.

Ku mata, ga taku. Tun cikin shekarun 1970 lokotoroci a Zariya, ƙasar Najeriya, suka lura da yawan gajiyar zuciya ga masu jego, inda ake wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa. Mai jegon da take haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta likita.

Rigakafi ya fi magani

Tansiyo ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, bai san yana da shi ba. Awo kaɗai yake nuna shi, kuma awon bai kai minti 5 ba. In ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma aka sake awo wata rana aka tarar haka, to akwai hawan jini. Wanda aka rubuta wa magani ya sha kullum. Kada ya daina don ya ji sauƙi.

A rage gishiri, da kanwa, da magi cikin miya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda. A bar taba. Mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa.

Wanda ya dawo gida da mutuwar ɓarin jiki, kada a rufe shi cikin ɗaki. A motsa masa hannu da ƙafa yadda aka nuna a likita. A zauna da shi, a yi masa hira. Da yawa sukan sake tafiya da ƙafarsu.

Ƴan uwa, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansu. Ranar kasuwa mai zuwa, kowane magidanci ya biya likita da iyalinsa a auna su. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.