Gwiwa Da Tsokar Da Ke Tsaronta

Yau maganarmu a kan gwiwa ce.

Ku ɗora hannu bisa cinyarku ta gaba. Tsoka huɗu ce a nan, ta haɗu ta kama ƙoƙon gwiwa. Ita ce mai tsaron gwiwa. In ta yi rauni, sai nauyin jiki duka ya faɗa wa gaɓa, ciwo ya shigo.

A ƙasashen Turai 'yan wasan tanis sun san haka, gama wasansu gudu ne da tsayawa farat ɗaya. Har gwaninsu Rafael Nadal na Sifen, ciwon gwiwa ya hana shi gasar Wimbledon a 2009. Waɗansunsu sukan hau wani faifai mai karkarwa kamar sau 30 cikin sakan guda, su ɗan durƙusa. Karkarwar nan takan sa tsoka ta riƙa ɗaurewa tana saki. To, kada ku ce mu ba mu da inji. Asirin yana ga ɗaurewa da sakin nan, kowa kuwa yana iyawa bisa tabarmarsa.

Masunci da ya wuni a tsugune cikin kwalekwale a dam na Tiga, da manomin Kiru, da mai hawan duwatsun Doguwa, da matar da ke ɗauko ruwa, ga abin yi:

1. Zauna ka miƙe ƙafa, ka naɗe zane ka sa ƙarƙashin gwiwa. Danna shi, ka ƙirga 10, ka saki. Yi sau 10.
2. Kwanta rigingine, ka ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi guda, ka sauke a hankali. Sau 10.
3. Zauna bisa kujera, ka tashi ba dafawa. Sau 10.

A yi safe da yamma. Kada a yi garaje, sai an yi mako 6 ko fi a kan ga amfani. In zafi mai tsanani ya taso, a dakata.

Amma ku lura. In gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, lalle a zo ɗakin magani ran nan. Kada a yi sakiya ko tsaga, don ƙwayoyin cuta sukan shiga gaɓa su ɓata ta, mutum ya gurgunce. Wanda ya fi ƙarfinmu, likita zai aika da shi Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.

Allah ya ba mu lafiya, amin.