Me Ke Sa Kuɗin Umarar Iyali Hawa Da Sauka?

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Gwarzo da Kabo, Getso da Garo, da duk inda muryata ta kai, yau zancenmu a kan tafiya Umara ne da iyali. A cikinmu akwai mai zubin adashi, akwai mai kiwon tumaki, akwai mai ɗinkin hula, burinta dai wata rana ita da maigida da yara su yi ido biyu da Ka'aba. To amma sai ki ji Hajiya wance ta biya kaza, maƙwabciyarta kuma ta biya kusan ninki biyu, alhali wuri ɗaya suka je. Me ya kawo haka?

Abu na farko shi ne canji. Tikitin jirgi, biza da masauki duk da dala ko riyal ake lissafa su, kuma tun 1986 riyal a ɗaure yake da dala: riyal 3.75 dala ɗaya. Saboda haka da zarar naira ta faɗi, sai kuɗin tafiya ya tashi. Ku duba kujerar Hajji. A 2023 ba ta kai naira miliyan 3 ba, amma bayan gwamnati ta saki naira a kasuwa cikin watan Yuni na wannan shekarar, a 2025 sai da ta haura miliyan 8. Haka abin yake ga Umara.

Na biyu, lokaci. Saboda falalar Umarar azumi, duniya ce ke taruwa a Makka, musamman a goman ƙarshe, nan ne kuɗin ɗaki da na jirgi ke kai maƙura. Watannin Muharram da Safar kuwa, bayan alhazai sun watse, abubuwa kan yi sauƙi.

Na uku, masauki. Otal ɗin da za ki fito ki taka ki shiga Harami ba ɗaya yake da wanda sai an hau mota ba. Sannan mutum nawa ne a ɗaki? Ɗakin mutum huɗu ya fi na mutum biyu araha a kan kowane kai. Sai dai in akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa a tafiyar, a yi tunani, kada arahar nesa ta sa ta riƙa sallah a ɗaki.

Na huɗu, yara. Jaririn da bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, ɗan kaɗan ake biya masa a jirgi. Daga shekara 2 zuwa 11 kujerarsa daban, ragin ba shi da yawa. Mai shekara 12 kuwa babba ne a wurin kamfanin jirgi. Kuma kowane yaro sai an yi masa nasa fasfo da biza.

Na biyar, hanya da kwanaki. Jirgin da zai tashi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka Jidda kai tsaye daban, wanda zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa daban. Tsakanin Makka da Madina akwai fiye da kilomita 400. A mota za a je, ko a jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018? Da abinci ko babu?

Ga kuma waɗanda ba a rubuta su a takardar kamfani: motar Gwarzo zuwa Kano, tsaraba, guzuri, da cefanen da za a bar wa mutanen gida.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki sayar da gwal ɗinki ko ragunanki, ki sa maigida ko babban ɗanki ya yo miki tambaya. Shin kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON? Mene ne sunan otal ɗin, kuma yaya nisansa da Harami? Kwana nawa a Makka, nawa a Madina? In dala ta tashi bayan an biya, za a nemi ciko? Duk amsar a rubuce. Kuɗi kuma a asusun kamfani za a zuba, a karɓi rasit, kada a damƙa wa wani a zaure don kawai an san shi. Wanda ya zo miki da farashin da ya yi ƙasa sosai da na kowa, ki tuna araha ba ta ado.

Wadda ba ta sauke farali ba, ta shawarci malamai kan abin da ya kamata ta fara. Tun 2020 akwai asusun adashin gata na Hajji da NAHCON ta buɗe tare da bankin Jaiz, inda ake zubawa kaɗan-kaɗan. Allah bai ɗora wa mara hali ba, balle a ci bashi a bar yara babu kuɗin makaranta.

Allah Ya kira mu ɗakinSa da halaliyarmu.